Shekarar da Na Yi Jinyar Ƙasa

Rabi, Usman, Nana, wannan babin ne na fi daɗewa ina kewaya shi. Na rubuta muku tasowata a ƙauyenmu na ƙasar Ƙaraye, na rubuta zuwana New York da shekarun da na yi ina tuƙa tasi, alƙalami bai yi mini gardama ba. Da na iso kan ɗan filin nan da ke bayan ɗakunanmu a Stapleton, sai hannuna ya yi nauyi. Kun taso kuna jin ina faɗa a gaban baƙi cewa mahaifiyarku ce ta kashe shukar jinseng ta farko da yawan ban-ruwa. Kun yi dariya, baƙi sun yi dariya, ita kuma takan yi ɗan murmushi ta tashi ta shiga kicin. To, ƙarya nake yi. Ni na kashe shukar. Amma kuma ni na yi jinyar ƙasar har ta warke, kuma cikin duk abin da hannuwan nan biyu suka yi a Amurka babu wanda nake alfahari da shi kamar wannan. Duka biyun zan gaya muku, kada ku ɗauki ɗaya ku bar ɗaya.

Gidan da kuka girma a ciki na wani tsoho ne mutumin Koriya, wanda muke kira Baba Yun. Shi yana ƙasa, mu muna sama. Nana ba za ta tuna shi sosai ba, amma Rabi na san ba ta manta alewar citta da yake ba ta a bakin matakala ba. Filin baya kusan duk siminti ne, in ban da wani yanki da bai fi shimfiɗar tabarma shida ba. A nan ya kafa rumfa ta siraran katako, mai barin rana ta ɗan leƙo kaɗan-kaɗan, a ƙarƙashinta kuma ya shuka jinseng. Ni kafin in zo gidan ban taɓa jin sunan abin ba. Ɗan tsiro ne da bai wuce gwiwa ba, ba ya son rana, yana yin jajayen 'ya'ya kamar murjani, amma saiwarsa ake nema, fara mai kama da ƙaramin karas, wadda mutanensu ke sha don ƙarfin jiki. Shekara shida take yi a ƙasa kafin a tone ta. Da na fara jin haka sai na ce a raina, lallai mutanen nan ba su san yunwa ba.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, 'yarsa ta roƙi mahaifiyarku ta riƙa kula da shi, tunda dama aikinta ke nan, kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara uku tana yi masa wanka, tana ba shi abinci a baki, kuma ita ta ci gaba da duba masa shukar. Turancinsa guntu-guntu ne, namu ma haka, amma ba a taɓa rasa fahimta ba. Ita yana ce mata Suli, don bakinsa ba ya iya Zulai. Ni kuwa Direba kawai yake ce mini. A shekarar da 'yarsa ta yanke shawarar mayar da shi gidan kula da tsofaffi, lokacin da ganye ya fara zuba, ya sa aka tura kekensa zuwa bakin rumfa, ni na tone masa saiwar gaba ɗaya yana nuna mini da sanda. Da muka gama sai ya sa aka ɗauko wata kwalba mai faɗin baki cike da danshin yashi. A cikin yashin akwai iri, wanda ya binne tun bara, don irin jinseng sai ya kwana shekara a yashi kafin ya yarda ya tsira. Ya ɗora kwalbar a tafin mahaifiyarku.

"Suli, wannan naki ne. Shekara ashirin ina zaɓen uwayensa. Babu saura a wani wuri."

"Na karɓa, Baba."

"Kada ki shuka a nan," ya nuna wurin da muka tone. "Ƙasar da ta haifi jinseng ba ta sake karɓarsa. In ya dawo, cinye shi za ta yi."

"To ina zan kai shi, Baba? Ko'ina siminti ne."

"Sa shi a bokiti da sabuwar ƙasa. Wannan kuma sai an yi mata magani. Ki zo in gaya miki."

Ina tsaye da shebur a hannu, na ji maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Ku fahimce ni, ba don na raina tsohon ba. Ni ɗan manomi ne jikan manomi. Gonar mahaifina da ke bakin rafi, tun ina yaro har na bar gida gero da dawa ake zuba mata kowace damina, ba ta taɓa cewa ta gaji ba, saboda duk kaka yakan gayyaci Fulani su kafa ruga a cikinta, shanu su kwana su tashi a kanta wata guda. Abin da na sani game da ƙasa ke nan, kuma na san shi kamar yadda na san Fatiha: ƙasa ba ta ƙin ɗanta, yunwa ce kawai take sa ta rowa. Ga shi na yi shekaru ina zaune a bayan sitiyari, kowa yana gaya mini inda zan bi, hagu, dama, tsaya nan. Yau ga abin da na iya ya zo har ƙofar ɗakina, sai a ce in je in ɗauki darasi?

Mako biyu ina damun mahaifiyarku. Na ce iri a bokiti wulaƙanci ne, sanyi zai daskarar da shi. Na ce tsufa ne ya sa tsohon tsoro. Ita kuwa kun san halinta, ba ta jayayya mai tsawo, 'yar Zangon Kumasi ce da ta taso a gidan da ba a ɗaga wa miji murya. Ranar da ta gaji, ta zazzage kwalbar a faranti ta raba irin kashi huɗu, ta turo mini uku.

"Malam, ga shi. Ɗaya zan riƙe a bokiti, don in an tambaye ni in sami abin nunawa. Amma abu guda nake roƙo. Yadda ƙasar nan take, haka za ka bar ta. Kada ka ƙara mata komai."

"Me zan ƙara mata, Zulai? Gishiri?"

"Ka ce ka yi alkawari."

"Na yi."

A ƙarshen makon nan ta tafi aikin kwana uku a gidan wata tsohuwa. Ran Asabar da hantsi na ɗauki mota na haye gada zuwa Brooklyn, wata mayanka da ke wajen Flatbush inda mutanenmu ke sayen kaji masu rai. Masu wurin sun san ni. Na ce su ba ni kashin kajin da suke sharewa, suka dube ni kamar mai taɓin hankali, suka cika mini buhu uku. Ɗanye ne shar, ko hucewa bai yi ba. Na zuba shi duka a wurin nan, na juya da shebur, na shuka irin a jere, na rufe da busasshen ganye yadda ba mai ganewa. Ina yi ina jin daɗi a raina, ina cewa bari bazara ta zo su ga aikin Bakano.

Bazara ta zo, kuma da farko kamar gaskiyata ce. Tsiron ya fito cunkus, kore shar, ya fi na bokitin mahaifiyarku tsayi da faɗin ganye. Na kira abokina Alhaji Mamman Badamagare, mai kantin kayan abinci a bakin babban titi, musamman don ya zo ya gani.

"Kai, Bakano," in ji shi, "ashe ban da kwana da ƙwandala a baki kun iya wani abu?"

"Ka tsaya ka gani. Tsohon ya ce ba za ta yi ba. Ga ta nan."

Ba a yi wata biyu ba aka shiga ruwa da zafi mai gumi. Wata safiya na fito na tarar da layi guda ya kwanta, kowane tsiro ya narke a wuya kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Na ciro ɗaya, saiwar ta yi ja kamar tsatsa, na matsa ta fashe a yatsana da wari. Kashegari layi biyu. Cikin kwana goma babu ko ɗaya a tsaye. Mahaifiyarku ta tsuguna a bakin rumfar tana tsintar matattun tsiron tana tarawa a zaninta, ba ta ce komai ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Shirun nan ne ya matse ni, har na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Ai na ga kina ta zuba musu ruwa makon jiya. Abin da ba ya son laima."

Ta ɗago ta dube ni. Gaskiya ne ta ba su ruwa sau biyu a wani mako da aka yi fari, kuma a kan wannan 'yar gaskiyar na gina ƙaryata.

"Haka ne, Malam," in ji ta. "Na ba su."

Da maganar ta tsaya a tsakaninmu da da sauƙi. Amma ranar sunan jikan Alhaji Mamman, ana zaune maza da mata a falo ɗaya, ya tambaye ni ina gonar da na yi masa kuri da ita. Na ce ai uwargida ce ta ɗauka shinkafa ce. Falon ya ɗauki dariya. Da na ga ta karɓu sai na riƙe ta, na yi ta maimaitawa duk inda aka taru, har ta zama ɗaya daga cikin labaran gidanmu.

Saura bokiti bakwai, jere a inuwar matakala. Su ne duk abin da ya rage na shekara ashirin ɗin tsohon, su ne kuma amanar da ke wuyan mahaifiyarku. Ba za su dawwama a bokiti ba, saiwa tana son zurfi, in sun wuce shekara biyu a ciki za su lalace. Ƙasa kuwa babu wata sai wadda na ɓata. Mahaifiyarku ta ɗebi ƙasar a leda ta ce mu je wurin Baba Yun. Gidan tsofaffin yana kan tudu a St. George, daga tagar ɗakinsa ana hango feri, jirgin ruwan fito, yana tafiya yana dawowa. Ta durƙusa gaban kekensa ta gaya masa komai, har da cewa ita ta yawaita ruwa. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya kai hanci. Sai ya ce mata ta je ta samo masa ruwan zafi na shayi. Tana fita ya juyo da ido kaina.

"Direba."

"Na'am, Baba."

"Kaza."

Ya sake kai ƙasar hanci.

"Kaza nawa?"

"Buhu uku."

Ya yi dariya da rabin bakinsa har ya ƙware, amma da ya gama na ga hawaye a idon da ba ya rufuwa sosai.

"Suli ta sani?"

"Ba ta sani ba."

"Wannan tsakaninka da ita ne. Ni maganar ƙasa zan yi maka. Zauna."

Abin da ya gaya mini ran nan, da hannu da guntun Turanci, shi ne karatun da ya fi kowane zama a kaina, ni da na tsaya a aji huɗu. Ya ce jinseng in ya daɗe a wuri, saiwarsa tana zubar da wani abu a ƙasa da shi kansa ba ya jurewa. Ban da haka akwai cuta mai cin saiwarsa, wadda take taruwa a hankali duk tsawon shekarun nan, ta kwanta a cikin guntattakin jijiyoyin da aka bari tana jiran sabon tsiro. Ƙasar ba yunwa take ji ba, ciwo ne da ita. Ni kuma na zo na ɗura wa mara lafiya nama. Ɗanyen taki ya sa tsiron ya yi saurin girma da laushin jiki, cutar ta samu abin da take so. Daga baya Rabi ta duba a wayarta ta ce haka masana ma suke faɗa, wai manoman jinseng da yawa ba sa ko gwadawa, sabuwar gona suke nema su bar tsohuwar shekaru masu yawa. Na ce mata mu ba mu da sabuwar gona. Tabarma shida gare mu.

Kashegari na kwance rumfar, katako ɗaya-ɗaya, rana ta sauka a wurin karon farko cikin shekaru. Na haƙe ƙasar zurfin gwiwa, na samo rariya irin ta magina, na tankaɗe ta shebur bayan shebur, ina tsince duk wata jijiya da ta saura ina zubawa a shara. Sai na jiƙa ta sharkaf, na shimfiɗa mata farar leda mai kauri, na danne gefuna da bulo, na bar zafin watan Agusta ya dafa ta. In ka sa hannu ƙarƙashin ledar da azahar ba ka iya barinsa. Mako shida tana haka. Da sanyi ya fara shigowa na yaye, na watsa irin wani ganye mai yaji da suke kira mastad, ya fito ya yi fure, na sare shi na juya shi cikin ƙasa da ɗanyensa, don yajinsa in yana ruɓewa yana kashe cuta. Sannan na bi unguwa da buhu ina kwasar ganyen da ya zubo daga itatuwa. Mutanen Stapleton sun ga abin mamaki a kakar nan: dattijo da hula da jallabiya yana roƙon maƙwabta su bar masa sharar ƙofar gidansu. Na tara a lungu ya yi tsibi, dusar ƙanƙara ta rufe shi, ya kwana hunturu yana ruɓewa.

Shekarar da ta biyo ita ce ainihin shekarar jinyar. Na daina fita aikin safe, wanda duk direba ya san shi ne mai albarka, na koma fita da la'asar. Da ƙasa ta yi ɗumi, 'yar Baba Yun ta aiko mini da wani ƙullin iri ta ce in ji babanta, sunansa ciyawar Sudan. Na kwance ƙullin, na zuba a tafi, sai na tsaya. Ƙanana ne, amma ko a mafarki na gan su na san danginsu. Na shuka. Da ya tsiro ya fara miƙewa, ganyen nan dogo mai farin layi a tsakiya, karan nan mai gaɓa-gaɓa, sai na ga dawa ce, ƙanwar dawar gidanmu. Shekara ashirin da wani abu rabon da in ji ƙarar ganyen dawa in iska ta bi ta cikinsa. Ya wuce ƙuguna, ya wuce kafaɗata, ya leƙa saman katanga. Nakan ɗauko kujera bayan sallar asuba in zauna a gefensa, ina jin jiniyar feri daga nesa, amma ni ina bakin rafin ƙauyenmu. Alhaji Mamman ya zo ya gani, shi ma da bakinsa mai kaifi sai da ya ajiye zolaya, ya kama ganye ɗaya yana shafawa.

"Haruna, ka bar ta ta yi kai. Wallahi ko zangarniya ɗaya ce mu gani. Mu kira yara su ga abin da ya raine mu."

Abin da zuciyata take faɗa ke nan tun kafin ya faɗa. Amma tsohon ya ja mini kunne sau uku: a sare ta tana ɗanya, kafin ta fitar da kai, lokacin da ruwan jikinta yake da ƙarfi. In ta yi kai ta bushe, ta zama kara kawai, ba magani. Ku da aka haifa a nan ba za ku san nauyin wannan ba. A garinmu ba mai sa lauje a dawar da ba ta nuna ba sai maƙiyi, wanda ya shigo gonarka don ya tozarta ka. Mahaifina ya taɓa daina magana da wani ɗan'uwansa shekara biyu saboda akuyarsa ta ci masa kunya ɗaya ta dawa. Kwana huɗu ina ɗaga ranar. A na biyar na ga ƙunshin kai ya fara kumbura a saman wasu karare, na san in na ƙara kwana biyu shi ke nan. Na tuna cewa sau ɗaya na riga na bi abin da na sani na bar abin da aka gaya mini, kuma na ga inda ya kai mu. Na ɗauko adda na yi bisimilla. Ban ɗaga kai ba har na gama. Mahaifiyarku tana kallo ta taga, da na shigo ta ajiye mini ruwa a gabana, ta ce sannu.

Na daddatse karan guntu-guntu na juya shi cikin ƙasa, na jiƙa, na sake rufewa da leda. Bayan na yaye, duk mako sai na juya ƙasar da shebur daga wannan gefe zuwa wancan, don ta sha iska da rana. Ciwon bayan da kuke kai ni asibiti saboda shi, a nan na samo shi, kuma ban taɓa yin da-na-sani a kansa ba. Sannu a hankali ƙasar ta sauya. Da ta kasance mai danƙo, in ka dunƙula ta sai ta zauna kamar tuwo. Yanzu ta koma baƙa mai warwashi, tana ƙanshin daji bayan ruwan sama, tana ta tsutsar ƙasa. Na gauraya ta da ruɓaɓɓen ganyen nan da yashi, na tayar da kunya biyu masu tsayi yadda ruwa ba zai kwanta ba, na mayar da rumfa. Na sake kai wa Baba Yun a leda. Ya murza, ya shinshina, ya daɗe.

"Ba alkawari," in ji shi. "Wasu za su mutu. Amma gwada."

Ranar dashe, na fito da sassafe na tarar mahaifiyarku ta riga ni. Ta jera bokitan nan bakwai a bayanta, ta zauna a kan kujera a gabansu kamar mai gadin kasuwa.

"Malam, kafin in ba ka. Me da me ka sa a ƙasar nan?"

Na lissafa mata: mastad, ciyawar Sudan, ganye, yashi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, wallahi."

"To wancan karon fa?"

Na dubi kunyoyin, na dubi bokitan. Na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure.

"Kashin kaji na sa, Zulai. Buhu uku. Ba ruwanki ba ne ya kashe su. Ki yafe mini."

"Ei, Malam," in ji ta. "Wata biyu motarka tana warin akurki. Fasinjojinka ma sun sani, balle ni da nake wanke maka kaya."

"Kin sani? Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa a ina? A falon Alhaji Mamman, in tsinka mijina a gaban mutane? Kai ka iya, ni ban iya ba." Ta tashi ta jawo bokitin farko ta ajiye a gabana. "Na yafe. Da ka ce mini babu komai yau, da bokitan nan gidan 'yar tsohon za su tafi. Riƙe shi a hankali, ta ƙasa ake ɗagowa."

Ta yafe, amma ta ce inda na ɓata ta can ya kamata in wanke ta. Na ce to. Na daina ba da labarin da bakina, sai dai in wani ya tayar da shi nakan yi dariya in bar shi ya wuce, wani lokacin ma in ƙara masa gishiri. Girman kai ya fi cutar ƙasa wuyar magani. Alhaji Mamman ya rasu bai ji gaskiya daga bakina ba, wannan kuma yana nan a wuyana. Shi ya sa nake so in kun karanta wannan, ku karanta wa duk wanda kuka san ya taɓa jin waccan maganar.

Mun dasa saiwa talatin da ɗaya a ranar. Da bazara ta zagayo, ashirin da shida suka fito. Na yi ta jiran ruwan watan Yuni kamar mai jiran hukunci. Ya zo, ya yi kwana uku yana zuba, ruwan ya gangare ta tsakanin kunyoyi ya fice. Biyu suka kwanta, na cire su da ƙasar da ke kewaye da su. Sauran suka tsaya. Mun kai wa Baba Yun hoton a waya, ya sa aka matso masa da shi dab da ido, yana ƙirga ganyen da yatsa. Bai ga shekara ta gaba ba.

Da shekarunsu suka cika, ashirin da biyu ne suka kai. Mun kira 'yar tsohon ta zo. Na tone ta farko da hannu da ɗan tsinke, ba shebur, ina bin kowace jijiya don kada ta tsinke, har ta fito gaba ɗaya, mai kauri kamar babban yatsana, da zobe-zobe a wuya. Daga waje lafiya take, amma cutar nan wani lokaci a ciki take ɓuya. Mahaifiyarku ta karɓa ta wanke a bokiti, ta ɗauko wuƙar kicin, ta ɗora saiwar a kan bulo. Ni dai na kasa kallo, na juya ina gyara katakon rumfa da ba abin da ya same shi. Na ji ƙarar wuƙa ta ratsa.

"Malam, juyo mana."

Na juyo. Ta ɗaga ɓari biyun a tafinta. Fari tas har tsakiya, ko ɗigon ja babu.

Ta miƙa wa 'yar tsohon ɓari ɗaya da hannu biyu. Ɗayan kuma ta yanki ɗan ƙarami ta sa mini a baki. Ɗaci ne da shi, ɗaci sosai, sai can daga baya wani ɗan zaƙi ya biyo.

"Tauna da kyau, manomi," in ji ta. "Saura ashirin da ɗaya, kuma rana tana yi."